Ana Neman Masu Walda a Duniya, Mu Muna Rabon Baro

Jama'a, yau a ɗan ajiye maganar tikiti da deliget, sana'a za mu tattauna.

A watan Disambar 2022, masana a ɗakin bincike na Lawrence Livermore da ke Amurka sun haɗe ƙwayoyin zarra, har makamashin da ya fito ya zarce wanda hasken lesa ya zuba a ciki. Irin wutar da ke ci a cikin rana ke nan. A kudancin Faransa kuma ana gina katafaren injin gwaji mai suna ITER, da kuɗin Tarayyar Turai, Amurka, Sin, Rasha, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu. Kada wani ya ruɗe ku, har yau babu gidan da ya kunna ƙwan fitila da wannan wuta. Amma tuni masana'antar take neman ma'aikata, kuma ba farfesoshi kaɗai ba. Tana son mai walda wanda aikinsa ko iska ba ta ratsa shi, da mai haɗa wayar lantarki, da mai sarrafa injin yankan ƙarfe.

Wani zai ce, mu da ke fama da ɗauke wuta, ina ruwanmu? To ai hannun da zai yi wancan aiki shi ne zai gyara taransifoma, ya kafa sola, ya yi aiki a Kainji ko Zungeru. Ko a Zariya, tun 2004 Jami'ar Ahmadu Bello take da ƙaramin injin nukiliya na bincike. Nata mai fasa zarra ne, ba mai haɗewa ba, amma dai ƙwararrun gida ne ke kula da shi.

Zuru ba ta rasa tushe ba. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Noma ta Tarayya. Kuma ƙasar da saurayi ke shafe shekaru yana golmo, wa zai koya mata juriya?

Abin takaici, da zaɓe ya ƙarato sai a tara matasanmu a raba baro da babur, a ce tallafi ne. Mu ma mun tafa a irin wannan taro, ba ma cire kanmu.

Duk mai neman ƙuri'ar Zuru, Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu, ko namu ne, mu tambaye shi a gaban jama'a: injin walda nawa zai saka a makarantun fasaha, malamai nawa zai tura horo, kuma a kasafin wace shekara?