Kallabin Dora Akunyili ya ƙaryata masu cewa ba yadda za a yi

Duk lokacin da aka tambayi wani babban ma'aikaci dalilin da ya sa magani ke yawo bisa kan ƴan talla cikin ranar Maraɗi da Damagaram, amsa ɗaya ce: iyaka na da tsawo, albashi ba ya isa, manyan ƴan kasuwa na da uwa a gindin murhu. Wannan magana ta ragwaye ce, kuma tarihin mace ɗaya a maƙwabta ya isa ya rusa ta.

Dora Akunyili masaniyar haɗa magunguna ce. A 1988 ƴar uwarta mai ciwon sukari ta rasu bayan an yi mata allurar insulin ta jabu. Da Obasanjo ya ba ta shugabancin NAFDAC, hukumar kula da abinci da magani ta Nijeriya, a 2001, ta tarar da ofis wanda ma'aikatansa da dama suka mai da hatimin gwamnati abin sayarwa. Daga cikin gida ta fara shara. Sannan ta hana wasu kamfanonin Indiya da Sin shigo da kayansu, ta riƙa ƙona jabun magani a bainar jama'a, ta kai ga rufe babbar kasuwar magani ta Onitsha a 2007.

Masu kayan ba su tsaya kai kuka ba. A Disamba 2003 aka buɗe wa motarta wuta kusa da garinsu Agulu. Harsashi ya huda kallabinta, ya shafi fatar kanta, wani direban motar haya ya mutu a wurin. A Maris 2004 gobara ta cinye gine-ginen hukumar a Legas da Kaduna. Ba ta bar kujerar ba. To, wane darakta ne a Yamai aka taɓa harba saboda ya kama kwali ɗaya?

Ƴan kasuwar da ke cewa bincike na kashe ciniki su tuna da 1995. A shekarar, lokacin annobar sanƙarau, allurar rigakafin da ta shigo daga Nijeriya da sunan gudummuwa ta zamo ta jabu. Likitocin MSF ne suka gano, bayan an riga an tsira wa mutane wajen 60.000. Iyaye sun koma gida da kwanciyar hankali, alhali babu abin da ke kare ƴaƴansu. Hanyar Kano, Katsina, Jibiya da Ɗan Isa da ke kawo atamfa da sukari ita ce ke kawo ƙwaya, kuma ɗan mai shago ma yakan yi zazzaɓi.

Laifin Abuja kuwa ba ƙarami ba ne. A Disamba 2008 Ƴar'Aduwa ya ɗauke ta ya naɗa ta ministar watsa labarai, aka ba mai farautar guba aikin gyara sunan ƙasa da taken talla. An kira shi ƙarin girma. Dillalan jabu sun fi kowa murna da shi. Ko a can halinta bai ɓuya ba: a Fabrairu 2010 ita ta fara gaya wa ƴan uwanta ministoci a rubuce cewa a miƙa wa mataimaki mulki, tun da shugaba na kwance a Saudiyya. A 2011 ta nemi kujerar sanata a Anambara ta faɗi. Ta rasu a wani asibiti na Indiya ranar 7 ga Yuni 2014.