Kada Allon Waya Ya Kashe Motar Kara

'Yan'uwa matasa, yau muna magana da yayyen da ke loda fina-finan katun a waya su miƙa wa ƙannensu don su samu sarari. Mu ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan fina-finai: The Lego Movie, wanda kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar a 2014.

Labarin wani magini ne mai suna Emmet, wanda bai san komai ba sai bin takardar umarni. Mugun fim ɗin yana so ya manne duniya da gam don kada kowa ya sake gina wani abu yadda ya ga dama. A ƙarshe sai a gane cewa duk labarin yana cikin tunanin wani yaro ne, wanda mahaifinsa ya hana shi taɓa bulolin wasan da ya jera. Saƙon shi ne a bar yaro ya ƙirƙira. Ba mu ƙi wannan ba.

Amma mu tambayi kanmu: wa ke cin riba? Lego kamfani ne na ƙasar Denmak, wanda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a Billund a 1932. Mutanen da ke yawo a fim ɗin da motocinsu da gidajensu irin kayan da kamfanin ke sayarwa ne. Talla ce ta minti 100, kuma ta tara sama da dala miliyan 460 a gidajen silima. Yaron Gwiwa da ya kalla zai tashi da kwaɗayin kwalin roba daga Turai, yana raina abin da ke bayan gidansu.

To, me ke bayan gidan? Bayan girbi, karan dawa na nan zube a gonakin Roni da Babura. Yaro ya ɓare ɓawon, ya yayyanka cikinsa mai taushi, ya haɗa mota. Tsohon silifas ya zama taya, gwangwanin madara ya zama tanka, laka ta zama shanu. Babu takardar umarni, babu ko kwabo. Abin da fim ɗin ke yabo, yaranmu sun daɗe suna yi.

Wani zai ce ai nishaɗi ne kawai, har ma yaro yana tsintar Turanci. Mun ji. Sai dai yaron da ke riƙe da waya awa uku ba ya gina komai, kallon ginin wasu yake yi. Kuma duk babban da ya tattake motar kara yana cewa an tara masa shara, bai bambanta da mugun fim ɗin ba.

A Kazaure muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu. Injiniyoyin da muke fata ta yaye gobe, hannunsu ne zai fara koyo kafin littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka in za a kalli fim ɗin, a kalla tare da su sau ɗaya, sannan a kashe waya. A kakar bana mu ware musu damin kara, mu zauna ƙasa mu nuna musu yadda ake sa taya ta juya. In ƙaninka ya kawo maka motarsa a karkace, ka tambaye shi yadda ya yi ta, kada ka gyara masa.