Dokar Alabama da Motar Ikkilisiya

A ƙasar Amurka, gwamnatin tarayya ce ke da ikon cewa wane baƙo zai zauna, wane kuma za a kora. Amma a watan Yuni na 2011 jihar Alabama ta ga kamar tarayya ta yi sake, sai ta kafa tata doka mai suna HB 56. Dokar ta umarci ɗan sanda ya binciki takardun wanda ya tsayar, muddin yana zargin ba shi da izinin zama. Ta ce makarantu su tambayi matsayin yaro ranar rajista. Ɗaukar irin wannan baƙo a mota, ko ba shi masauki, ko ba shi hayar ɗaki, duk ta mai da su laifi.

To, jama'a, nan ne abin ya taɓa mu. Mai tuƙa motar ikkilisiya ran Lahadi ba ya tambayar kowa fasfo, haka ma zumuntar mata idan suna rabon abinci. Shi ya sa bishop-bishop na Katolika da Methodist da Episcopal suka kai ƙara kotu. Mun ga sun yi daidai. Ba mu ce ƙasa ta bar iyakarta a buɗe ba, gama an koya mana biyayya ga hukuma. Amma aikin jami'in shige da fice daban, na ɗan sandan unguwa daban. Matar da ɓarawo ya fasa wa ɗaki ba za ta kira 'yan sanda ba, in ta san takardunta za su fara tambaya.

Kotuna sun dakatar da sashen ɗaukar baƙi da na makarantu a shekarar, sai dai ɓarna ta riga ta auku. Iyaye sun tsare yara a gida, 'yan ƙwadago sun gudu, tumatir ya ruɓe a gonaki. A watan Nuwamba ma aka kama wani Bajamushe, manaja a kamfanin Mercedes-Benz, don ya bar fasfonsa a masauki. Shi an sake shi, yana da masu tsaya masa.

Maganar ba ta mutu ba. Wata dokar tarayya ta 1996 ta yarda a ɗora wa 'yan sandan jiha da na gunduma wannan aiki bisa yarjejeniya, kuma irin waɗannan yarjejeniyoyi sun ƙaru ƙwarai a 2025. Iyayen da ke da 'ya'ya masu karatu ko aiki a can su faɗa musu kada su bar izinin zamansu ya ƙare.