Kashi Na Biyu Ko Cin Kuɗin Jama'a? Darasi Daga Fadar Dracula

Mai karatu, na san za ka ce me ya kawo wasan gem cikin mujallar finafinai da littattafai. Dakata ka ji. Akwai cutar da ta daɗe ta na cin mu tun zamanin kaset: ka sayi fim ko littafi, labari ya fara daɗi, sai kawai a ce maka "mu haɗu a kashi na biyu". Ka sake zuba kuɗi, ka tarar jiya ce aka maimaita maka. To akwai wani wasa na Japan da ya nuna yadda ake ci-gaban labari ba tare da an raina mai saye ba.

Kamfanin Konami ne ya fara fitar da Castlevania a 1986. Akasarin waɗanda su ka biyo baya tafiyarsu ɗaya: wani jarumi daga zuriyar Belmont ya ɗauki bulala, ya shiga fadar Dracula mai shan jini, ya bi mataki bayan mataki har ya kashe shi. Sai a 1997 aka fitar da Symphony of the Night a kan PlayStation, a ƙarƙashin darakta Toru Hagihara da mataimakinsa Koji Igarashi. Ni dai a wajena, duk jerin babu kamarsa, kuma ga dalilaina.

Na farko, sun canza jarumi. Alucard ɗan Dracula ne na cikinsa, sunan ma na uban ne aka karanta daga ƙarshe. Mahaifiyarsa Lisa 'yar Adam ce, mutane su ka kashe ta bisa zargin maita, amma ta bar masa wasiyyar kada ya ƙi mutane. Ka ga kenan ɗa ne zai yaƙi ubansa don kare waɗanda su ka kashe uwarsa. Wane marubucin soyayya ne ba zai so irin wannan ƙulli ba?

Na biyu, sun buɗe fadar. Ka na shiga za a ƙwace maka makamanka, ka koma fanko. Daga nan kai za ka nemi hanya da kanka. Ƙofar da ta gagare ka yau, gobe idan ka koyi rikiɗa zuwa jemage ko hazo sai ka dawo ka wuce.

Na uku shi ne babba. A saman fadar za ka tarar da Richter Belmont, jarumin wasan da ya gabata, ya zama maigidan wurin. In ka kashe shi, wasa ya ƙare, ka tashi ka na murna. Ashe rabi ka gani! Wanda ya bincika lungu-lungu ya samo zobba biyu, Maria za ta ba shi tabarau, ya gane cewa wani boka mai suna Shaft ne ke juya Richter. Da ya karya sihirin sai wata fadar ta bayyana, irin ta farko sak amma a kife, rufi ya koma ƙasa. Taswirar wasan har kashi 200.6 cikin ɗari ta ke kaiwa. Wato sun ɓoye kashi na biyu a cikin na ɗaya, ba su karɓi ko sisi a kai ba. Mu kuwa na ɗayan mu ke yankawa gida uku.

Wani zai ce ai zanensa tsohon yayi ne. E, a lokacin kowa ya karkata ga hoto mai zurfi, su kuma su ka tsaya kan zanen gefe. Amma Castlevania mai zurfin hoto da aka yi a 1999 wa ke zancensa yau? Shi kuwa wannan an sake fitar da shi a Xbox 360 a 2007, a PlayStation 4 a 2018, a wayar hannu a 2020. Kyan ɗan kwali ba ya gyara miya.

Wani kuma zai ce tatsuniyar dodanni ce ta Turawa. To Ganɗoki na Bello Kagara da wa ya yi ta gwabzawa in ba aljanu ba? Ba dodon na ke so mu kwaikwaya ba, tsarin ginin labarin na ke nufi.

Abin haushin, kayan aikin na nan a ƙofar gidanmu. Yaron da ke zaune a gidan gem a Birnin Kebbi ya san Alucard, amma ka tambaye shi yadda Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya na Songhai wajajen 1516 ka ji shiru. Ga kufan Surame da ganuwarta ta duwatsu. Ga Gidan Nabame a Argungu, fadar da aka gina a 1831, ta zama gidan tarihi a 1958, da makamai da kaburburan sarakunan Kabi a ciki. Wace fada ce ta fi wannan cancantar labari mai ƙofofi da sirrika?

Saboda haka furodusa da marubuci, kafin ka rubuta "na biyu" a bangon aikinka, tambayi kanka: me na juya a ciki? Kai kuma mai karatu, in ka saya ka tarar babu sabon abu, kada ka sayi na uku. Aljihunka ne kaɗai maganar da 'yan kasuwa ke ji. Allah ya sa mu gyara, amin.