Kafin A Hana Talaka Sare Itace, A Ba Shi Abin Girki

An daɗe ana wata gardama a manyan tarurrukan duniya. Wasu na cewa tilas a rage hayaƙin fetur da kwal da ke ɗumama duniya. Wasu kuwa na cewa da wannan hayaƙi Turawa suka yi arziki, don me yanzu za a ɗaure wa ƙasashe matalauta ƙafa? Kowane ɓangare da hujjarsa. Hayaƙin Afirka duka bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma ambaliyar 2022 kaɗai ta ci rayuka fiye da 600 a Nijeriya.

A shekarar 2021, a birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari cewa zuwa 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai fi wanda take iya shanyewa ba. Alkawari ne mai kyau. To, amma mu a ganinmu, a bakin murhun talaka za a gane cikarsa ko rashin cikarsa.

Allah ya ba Nijeriya gas fiye da kowace ƙasa a Afirka. Tun 1979 aka kafa dokar da ta sa 1984 ta zama wa'adin daina ƙona shi a banza a filayen mai, amma har yau wutar tana ci dare da rana a yankin Neja Delta. Nan Arewa kuwa, kananzir ya fi ƙarfin talaka. Bayan janye tallafin fetur a 2023 da faɗuwar Naira, gidaje da dama da suka fara girki da gas suka jingine tukunyar, suka koma gawayi da itace. Daji yana ƙarewa, Hamada tana matsowa, hayaƙin murhu yana cutar da huhun iyaye mata da jariran da suke goye da su. Ga hasarar dukiya, ga hasarar daji, ga hasarar lafiya. Ina cin gaban yake a nan?

Saboda haka ba mu yarda cewa dole a zaɓi ɗaya tsakanin arziki da kiyaye ƙasa ba. Littafin Farawa ya nuna mana cewa aiki biyu Ubangiji ya danƙa wa Adamu a gonar Adnin, wato noma da kiyayewa, bai kuwa raba su ba.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada, an kuma gani. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai. Sai aka koya wa manoma su bar tsiro mafi ƙarfi, su datse sauran. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, sai ya shiga tattalinsa. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5. Gawo, wanda ke kakkaɓe ganye da damina, ya ba gero taki, dabbobi suka sami abinci, mata suka sami itacen girki kusa da gida.

Kiranmu ga gwamnati shi ne ta tilasta wa kamfanonin mai su daina ƙona gas, ta kawo shi kasuwannin Arewa a farashin da ma'aikaci da manomi za su iya saye. Korar mai sayar da gawayi ba tare da an ba shi wata sana'a ba zalunci ne, ba kuwa zai ceci daji ba. Ƙasashe masu arziki su ma su zuba kuɗi na gaske a asusun biyan hasara da aka amince da shi a Masar a 2022.

Mu ma a Ikilisiya muna da namu aikin. Kowace majami'a tana da fili, kowace tana da zumuntar mata da ta matasa. Fastoci su koyar da renon kututture kafin sharar gona ta bana, a gayyaci maƙwabtanmu Musulmi, gama inuwa ba ta tambayar addinin mai zama. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an bar itacen da zuma za ta sauka.

Ubangiji ya sa mu zama amintattun masu riƙon amana. Amin.