Manhajar haraji ba ta haukace ba, kashi 25 ɗinku ne ƙarya

1/ Zare ne, kuma mai tsawo. 'Yan'uwa masu jan Uber, masu kai abinci, masu kitso, masu ɗinki, da duk wanda ake ba 1099 a Amurka, ku matso kusa. Lokacin haraji ya zo, kuma na gaji da jin "manhajar nan ta lalace". Lafiyarta lau. Lissafin da masu bidiyon minti ɗaya suka koya muku ne ya lalace. 🧵

2/ Shekaranjiya bayan isha wani abokina direba a Bronx ya kira ni yana huci. Ya zuba $12,500 a asusun ritayarsa na SEP IRA, ya shigar a manhajar haraji, ta fito masa da jan rubutu wai ya wuce iyaka. Ya goge ya sake, ya kashe kwamfuta ya kunna, har manhaja ya canja. Ita ma sabuwar abin da ta ce ke nan.

3/ Shawarar da aka ba shi a guruf ɗin WhatsApp? "Kai dai ka danne gargaɗin ka sa lambarka da hannu." Wannan shawarar ce ta sa na zauna rubutun nan. Wanda ya ba ka ita ba zai kasance kusa ba ranar da wasiƙar IRS ta iso.

4/ Ga inda gizo ke saƙar. Ko'ina za ka ji ana cewa SEP kashi 25 cikin 100 ne. Haka ne, amma ga ma'aikacin da ke karɓar albashi da W-2. Kai da kake kai ne maigida kai ne yaron shago, doka tana auna kashi 25 ɗin a kan abin da ya rage maka BAYAN an cire ita kanta gudummawar. Lissafi ne mai cin wutsiyarsa. In ka warware shi, 25 a kan 125, kashi 20 yake komawa.

5/ Kuma kashi 20 ɗin ma ba na duk ribar ba ne. Sai an fara cire rabin harajin mai aikin kansa, wanda ake lissafawa a Schedule SE. Mu yi da kuɗin abokina. Ribarsa a Schedule C ta 2025 $50,000 ce.

50,000 × 0.9235 = 46,175
46,175 × 0.153 = 7,065
Rabinsa = 3,532
50,000 − 3,532 = 46,468
Kashi 20 = 9,294

6/ $9,294 ce iyakarsa. Shi kuma ya zuba $12,500. Rarar $3,206 ke nan. To don Allah wa ya yi kuskure, shi ko manhaja? Wannan lissafin yana cikin Publication 560 na IRS, kyauta, da jadawalinsa layi-layi. Amma mun fi yarda da wani mai hula a gefe yana magana cikin mota.

7/ Rarar da aka bari a asusun ba ta zama shiru. Ba za ka samu ragin haraji a kanta ba, sannan tana iya jawo tarar kashi 10 da ake biya a Form 5330. Ka danne gargaɗi don ka ga lambar kuɗin da za a mayar maka ta yi kore ta ƙaru, ka sayi rigima da kuɗinka.

8/ Na biyu, wanda ya fi yawa ma: shigar da SEP a gurbin IRA na gama-gari. Sunayen sun yi kama, shi ya sa. Na gama-gari iyakarsa $7,000 ce a 2025, $8,000 in ka kai shekara 50. Ka sa $9,000 a nan, dole ta ce ka wuce, ta ɗora maka tarar kashi 6 a Form 5329. Tarar da babu ita, kai ka ƙirƙiro ta da yatsanka. SEP gurbinsa na sashen masu aikin kansu, yana sauka a Schedule 1, layi na 16. Na gama-gari layi na 20.

9/ Na uku kuwa wayo ne, kar ma a kira shi kuskure. Wasu suna kai kuɗin ritayarsu Schedule C layi na 19, saboda sun ga an rubuta fansho a wurin, kuma sun ga haraji ya faɗi warwas. Layin nan na abin da ka zuba wa MA'AIKATANKA ne. Naka ba ya shiga. In ka sa shi a nan ka rage riba, ka rage harajin kashi 15.3 da doka ba ta ce ka rage ba. Manhaja ba za ta ce uffan ba, don ba ta san ba ka da ma'aikaci ko ɗaya ba.

10/ Ka lura da abin dariyar? Inda ta yi ihu, gaskiya ta faɗa muka zage ta. Inda ta yi shiru muka ce "yawwa, ta yi aiki", alhali nan ne ramin yake.

11/ Akwai kuma masu cewa "jiya ta karɓa, yau ta ƙi". Malam, me ka taɓa tsakanin jiya da yau? Ka tuna da wasu mil 10,000 da ba ka sa ba. A 2025 kowane mil santi 70 ne, $7,000 ke nan ta fita daga riba. $50,000 ta koma $43,000, iyakar SEP ta sauko daga $9,294 zuwa wajen $7,992. Shi ya sa ake gama Schedule C kaf, mil, waya, komai, kafin a taɓa maganar ritaya. Kuma kafin a tura kuɗi.

12/ Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Mu ne masu zuwa wurin "mai haraji" na unguwa mu ce ya matse riba. Ka yi shekara kana tuƙi dare da rana, a takarda a rubuta ribarka $3,000. Kowa ya yi murna, a sha shayi. Sai kuma ka dawo kana son ragin $10,000 na ritaya. Daga ina? A ribar $3,000 iyakarka ba ta kai $600 ba. Ba a cin tuwo biyu da miya ɗaya, ɗan'uwa.

13/ Abin bai tsaya nan ba. Harajin nan na 15.3 da muke gudu kamar annoba, kashi 12.4 na Social Security ne, 2.9 na Medicare. Sai ka tara maki 40 kafin ka cancanci fanshon gwamnati, huɗu kawai ake iya samu a shekara, kuma a 2025 kowane maki sai ka nuna samun $1,810. Mai ribar $3,000 maki ɗaya ya samu. Lissafa shekara nawa zai yi a haka.

14/ Na san amsar: "Ai ina gini a gida." Madalla, Allah ya sa albarka. Amma mun ga dattawan da suka zo tun muna yara, gwiwa ta ƙi, ido ya ƙi, ginin Kumasi ko na Damagaram bai kai linta ba, kuma har yau suna bayan sitiyari. Ba gori nake yi ba wallahi. Tsoro nake ji, don layin da muke bi ke nan.

15/ Shi kuma mai harajin, duba ƙasan takardarka. Ya sa hannu? Ya sa lambarsa ta PTIN? Duk wanda aka biya ya cika haraji doka ta ce ya sa. In ya karɓi kuɗinka ya bar wurin fayau, ko aka rubuta kamar kai ka cika da kanka, to ya san abin da ya shuka, ya bar maka girbi.

16/ Ba wanke masu manhaja nake yi ba fa. Suna da nasu. Gargaɗinsu turancin lauyoyi ne, ba ya ce maka "ga iyakarka, ga yadda aka same ta". Sashen masu aikin kansu kuma galibi sai ka biya ƙari kafin ya buɗe. A 2022 kamfanin Intuit mai TurboTax ya amince ya biya dala miliyan 141 a sulhu da jihohin Amurka kan tallan "kyauta". Don haka ku zage su kan tsada da ruɗani, zan taya ku. Kan kashi 20 kuwa, suna da gaskiya.

17/ Masu Solo 401(k), naku kashi biyu ne: na ma'aikaci har $23,500 a 2025, da na maigida, shi ne dai kashi 20 ɗin nan. Amma $23,500 ɗin na mutum ne, ba na kowane aiki ba. In kana aikin asibiti ko sito da rana ana cire maka 401(k), duba W-2 akwati na 12, harafin D. Abin da ke nan ya riga ya ci daga ciki.

18/ Wani zai ce ya sa komai daidai amma ragin bai kai yadda ya zata ba. E, saboda kuɗin SEP yana rage abin da ake lissafa ragin kashi 20 na kasuwanci a kansa, na Form 8995. Hannun dama ya ba ka, na hagu ya ɗan karɓe. Haka dokar take.

19/ Masu tambayar kuɗin ruwa, na gan ku. SEP akwati ne kawai, kai ke zaɓar abin da za a saya a ciki, kuma akwai asusun hannun jari da ake tacewa bisa shari'a, irin su Amana. Hukunci kuwa na malamai ne, ni lissafi na zo yi.

20/ Abokina ya yi sa'a. A Fabrairun 2026 ya tura kuɗin, kuma SEP ana iya zuba na bara har ranar rufe haraji, 15 ga Afrilu, ko 15 ga Oktoba in ka nemi ƙarin lokaci da Form 4868. Sai ya ɗauki $9,294 a matsayin na 2025, ragowar $3,206 ya bar ta a lissafin 2026. Form 5498 zai nuna duka a shekarar da kuɗin ya shiga, don haka na ce ya rubuta rabon ya ajiye. Da a cikin 2025 ya tura, sai ya kira kamfanin da ke riƙe asusun a fitar da rarar kafin ranar rufewa.

21/ Wanda ya riga ya danne gargaɗi ya tura bara, Form 1040-X ake gyarawa da shi, kuma gara kai ka fara kai kanka. Masu S-corp kar ku ɗauki lissafin nan, naku a kan albashin W-2 da kuke biyan kanku ake yi, kuma a takardar kamfani ake cirewa. Wannan sai wani zaren, in na samu wanda zai riƙe min yara ranar Asabar.