Zakara A Gida, Ɗan Tsako A Waje

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Da wannan nake so in buɗe maganar da na san ba za ta yi wa mutane da yawa daɗi ba, wato maganar ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Kano Pillars, wadda muke yi wa kirari da "Sai Masu Gida". Kada wani ya zaci ni abokin gaba ne. Ni ɗan Jihar Kano ne, mutumin Madachi ta ƙasar Rano, kuma a can ma ranar da Pillars ke wasa, matasa kan zagaye rediyo su yi tsit kamar masu jiran hukuncin alƙali. Amma ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Gaskiyar kuwa ita ce, kofunan da muke taƙama da su na cikin gida sun rufe mana ido, har mun kasa ganin cewa ƙungiyar tamu ba ta da saiwa. Shekarar 2014 ita ce babbar shaidata.

Pillars ta shiga wannan shekara tana riƙe da kofin gasar ƙasa har sau biyu a jere, na 2012 da na 2013. Saboda haka ita ce kan gaba wajen wakiltar Nijeriya a Gasar Zakarun Afirka. A watan Fabrairu aka haɗa ta da AS Vita Club ta Kinshasa a zagayen share fage, wato ƙofar farko wadda ko zaure ba a kai ba. A Kinshasa aka ci mu 3 da 1. A wasan gida muka ci 2 da 1. Da aka haɗa lissafi ya zama 4 da 3, aka ce mu koma gida. Cikin mako guda tafiyar Afirka ta ƙare. Sa'an nan aka buɗe gasar ƙasa a watan Maris, aka yi ta fafatawa har Nuwamba, Pillars ta sake ɗaukar kofi a karo na uku a jere, na huɗu ke nan a tarihinta in an haɗa da na 2008. Aka yi kaɗe-kaɗe da bushe-bushe, aka yi jawabai. Wa ya sake tuna Fabrairu? Babu. To, ni ina tambaya: wace Pillars ce ta gaskiya, ta Fabrairu ko ta Nuwamba?

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai Vita ba kanwar lasa ba ce, domin a wannan shekarar sai da ta kai wasan ƙarshe, inda Entente Setif ta Aljeriya ta sha da ƙyar a hannunta. Haka ne, ban musa ba. Da sau ɗaya abin ya faru, da sai mu ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Amma mu duba gaba da baya. A 2013 mun ci AC Leopards ta Kongo Barazabil 4 da 1 a gida, har an soma murna, muka je can aka zura mana 3 ba ko ɗaya, aka fitar da mu da ƙwallon da suka ci a gidanmu. A 2015 Moghreb Tetouan ta Maroko ta yi mana 4 da nema a can, cin 2 da 1 da muka yi a gida bai tsinana komai ba. A 2019 mun ci Asante Kotoko 3 da 2 a Kano, muka je Kumasi aka ci mu 2 da nema. Ku lura da kyau. A duk waɗannan karo huɗu mun yi nasara a gida, a duk huɗun kuma an kore mu. Wannan ba tsautsayi ba ne, ciwo ne, kuma ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani.

Ashe kirarin namu ya faɗi gaskiya fiye da yadda muke so. Masu gida ne mu, amma gidan kawai. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, lokacin da Nasarawa United ta zo ta ci mu 2 da 1, ba a taɓa doke Pillars a gida ba a gasar ƙasa, shekara goma sha biyu ke nan. Abin alfahari ne a baki. Amma duk wanda ya san gasar Nijeriya ya san cewa a nan baƙo bai cika cin wasa ba ko'ina, ko a Aba, ko a Inugu, ko a Fatakwal. Baƙo ya kwana biyu a mota, ya iso a gajiye, ya shiga fili gaban taron da ba ya yi masa fatan alheri, alƙalin wasa kuma yana tunanin yadda zai fita lafiya. A irin wannan gasa, wanda ya tsare gidansa, ya ɗan tsinci maki a waje, shi ne zakara. Ma'aunin da aka auna mu da shi ke nan aka ce mun cika. Da aka kai mu kasuwar Afirka aka auna da mudun gaskiya, sai ga shi ba mu kai ba.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne mun taɓa nuna za mu iya. A 2009 Pillars ta gamu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin, wadda ta riga ta ɗauke shi sau shida. Aka tashi 1 da 1 a Nijeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, muka fitar da ita a gaban mutanenta. Muka shiga rukuni ɗaya da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, muka haye zuwa wasan kusa da na ƙarshe, kafin Heartland ta Owerri ta tare mu da ci 5 da nema a wasa biyu. Wannan ita ce shekarar da ya kamata a ɗora gini a kanta. Me aka ɗora? Tun daga ranar Pillars ba ta sake shiga matakin rukuni na Gasar Zakarun Afirka ba.

Laifin wa? Ba zan ɗora shi a kan 'yan wasa ba. Waɗannan bayin Allah su ne suka kama hanyar Owerri a mota a watan Maris na 2015, 'yan bindiga suka buɗe musu wuta a hanya, biyar suka ji rauni, sa'an nan bayan 'yan kwanaki aka ce su je Maroko su kare mutuncin ƙasa. Wanda ya zage su bai yi adalci ba. Laifin yana wurare uku.

Na farko, masu tsara gasar ƙasa. An gama gasar 2013 a watan Oktoba, ba a buɗe ta 2014 ba sai Maris. Wato Pillars ta je Kinshasa bayan wata uku da ɗoriya ba ta buga wasan gasa ba, sai na sada zumunta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin Enyimba ma a wannan shekarar Real Bamako ta Mali ce ta yi waje da ita tun da wuri. Daga 2023 an soma daidaita lokacin gasar da na sauran ƙasashe, saboda haka wannan uzuri ya kusa ƙarewa, sauran biyun ne suka rage, kuma su namu ne na cikin gida.

Na biyu, yadda ake riƙon ƙungiyar. An kafa Pillars a 1990 ta hanyar haɗe WRECA da Kano Golden Stars da ƙungiyar Bank of the North, kuma Gwamnatin Jiha ce mai ita. Gwamnati ke naɗa shugabanni, ita ke sauke su, daga baitulmali ake fitar da kuɗin. Wanda aka naɗa yau bai san ko zai kai baɗi ba, don haka ba ya shuka itacen da zai yi shekara biyar kafin ya yi 'ya'ya. Kofin bana yake nema, wanda za a kai Gidan Gwamnati a ɗauki hoto. Ku dubi masu horarwa. Kadiri Ikhana ne ya ci kofin 2008, amma ba shi ya kai mu Alƙahira ba. Baba Ganaru ne ya ci na 2012 da 2013, amma Okey Emordi ne ya fuskanci Vita, yana sabon zuwa. Ita kuwa Vita, Florent Ibenge ya riƙe ta kusan shekara tara. Wani zai ce ai Enyimba ma ta gwamnati ce, ta kuma ɗauki kofin Afirka a 2003 da 2004. Gaskiya ne. Amma ta yi haka ne a zamanin gwamnan da ƙwallo ke ransa, kuma tun daga nan ba ta sake ba. Ƙungiyar da ƙarfinta ya rataya ga sha'awar mutum ɗaya, ranar da ya sauka ita ma ta sauka.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafi garinmu. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Kuɗin da ake kashe wa Pillars na dukansu ne, har da manomin Madachi da na Rurum da na Tarai, wanda watakila bai taɓa taka filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba. Me ƙungiyar ta mayar masa? Je ka filin makarantar firamare a ƙasar Rano ko Kibiya da la'asar sakaliya, bayan an taso daga gona. Za ka ga yara ƙafa ba takalmi, an kafa duwatsu a matsayin raga, suna murza ƙwallo har magariba. Wa ke zuwa kallonsu? Wace hanya ce ta taso daga wannan fili ta kai ga rigar Pillars? Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 kafin ya tafi Holan, a Jos aka haife shi, a can aka raine shi. Mun gode wa Jos. Amma jiha mai yawan jama'a irin tamu ba ta da hujjar dogara ga gonar wani. ASEC Mimosas ta Abijan ta buɗe makarantar horar da yara, ta fitar da Kolo Toure da ƙanensa Yaya. A nan gida, Remo Stars ta Ikenne, ƙungiyar ɗan kasuwa mai filinta da makarantarta, ta ɗauki kofin ƙasa a 2025. Ikenne ba ta kai Kano girma ba, ko kusa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu magoya baya ma ba mu kuɓuta ba. Mun saba da cewa cin wasa a gida haƙƙinmu ne, har wasu suka ɗauka in ƙafa ta kasa, dutse zai iya. A 2022 aka farfasa motar 'yan wasan Katsina United a Kano, aka zaftare wa Pillars maki, a ƙarshen kakar kuma ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. A Oktoban 2025 aka sake kutsawa fili bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake yanke maki, aka rufe mana fili. Kaico! Wai wannan ita ce ƙauna? Kano da aka sani da karɓar baƙi tun zamanin fatake, Kano da ta karɓi wasannin Kofin Afirka a 2000, ita ce baƙo zai shiga yana ɗar-ɗar?

Ga abin da nake kira a yi. Majalisar Dokokin Jiha ta wajabta wa hukumar ƙungiyar buga lissafin shiga da fita kowace shekara, har da kuɗin sayar da 'yan wasa, domin dukiyar jama'a ce. A buɗe rajistar mambobi, ɗan kasuwar Kantin Kwari da malamin makaranta a Kibiya su biya, su sami ƙuri'ar zaɓen shugabanni, kamar yadda mambobin Al Ahly ke zaɓen nasu. A ware wani kaso na kasafin ƙungiyar, a rubuce, don gasar yara ta ƙananan hukumomi 44, a riƙa buga ta a Rano da Gaya da Bichi da Ƙaraye, ba a birni kaɗai ba. A ba mai horarwa wa'adin da zai ishe shi gini. Duk wanda ya yi jifa a fili kuma a gurfanar da shi shi kaɗai, da sunansa, kada a bar laifinsa ya ci jama'a.

Mu ɗalibai kuma kada mu tsaya jiran gwamnati. Kusan kowace ƙaramar hukuma tana da ƙungiyar ɗalibanta a wannan jami'a. Maimakon mu ƙare da walima da rabon kalanda, mu shirya gasar yara a garuruwanmu lokacin dogon hutu, mu rubuta sunayen waɗanda suka yi fice, mu kai wa ƙungiyar, mu ga ko za ta ce ba ta gani ba. 'Yan'uwa ma'aikata, gobe ku ne za ku riƙe fayil ɗin Ma'aikatar Wasanni. In ya zo teburinku, ku tambayi abin da aka shuka, ba abin da aka girba kaɗai ba.

Ba na ƙin kofin 2014, kuma ba na raina gumin waɗanda suka ci shi. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi mayafin rufe Fabrairu. Mai gida na gaskiya shi ne wanda in ya fita, maƙwabta ke tashi su ba shi wuri. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.